Gigin tsufa: A gidan wa Goggo za ta zauna?

Da la'asar ɗin wata rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Arewacin Kamaru ke kan ganiyarsa, wani mai babur ɗin haya ya ci karo da Goggona, yayar mahaifina, a gefen babban titin da ya ratsa Ngong. Ta miƙi hanyar Garwa da ƙullin kaya a ka, ƙafarta ko takalmi babu. Da ya tambaye ta ina za ta, sai ta ce gida, Baba na jiranta. Mahaifin nata ya rasu tun kafin a haife ni, gidan da take nufi kuwa yana unguwar Hausare a Garwa, kimanin kilomita 40 daga inda aka same ta, an kuma daɗe da sayar da shi. Allah Ya sa yaron ya san ta, domin ta yi shekara da shekaru tana tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Ya ɗauko ta ya kawo mana.

A daren nan waya ba ta huta ba. Babban ɗanta da ke Yawunde ya ce a kai masa ita, can ne likitoci suke. Autanta da ke aiki a Faransa ya ce a nemi gidan kula da tsofaffi masu irin wannan larura, ko nawa ne zai biya. 'Yarta da ke aure a Garwa ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, sammu ne, a nemi malam. Mutum biyu ne kawai ba a ji ta bakinsu ba: Goggo kanta, da surukarta da ke yi mata wanka da girki tun da abin ya fara.

Kowace shekara, ranar 21 ga Satumba, duniya na tunawa da masu cutar mantuwa, abin da muka fi sani da gigin tsufa, likitocinmu kuma ke rubutawa da Faransanci «démence». A Turai, idan ciwon ya yi nisa, iyali kan zauna su zaɓi gidan da za a kai majinyaci. A Ngong ba mu da irin wannan gida. Amma rashinsa bai ɗauke mana zaɓin ba. Muna zaɓa tsakanin gidan ɗa da na 'ya, tsakanin ƙauye da birni, tsakanin asibiti da zauren malam, wani lokaci har tsakanin Kamaru da Najeriya. Sau da yawa kuma abin da ke yanke hukunci shi ne wa ya fi kuɗi a cikin 'ya'yan, ko kuma tsoron abin da mutane za su ce.

Ciwo ne, ba halin tsufa ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da wannan larura, ana samun ƙarin kusan miliyan 10 duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 cutar Alzheimer ce, wadda aka sa wa sunan likitan nan ɗan Jamus da ya fara bayaninta a 1906. Wani kaso mai yawa kuma daga lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa yake, bayan shanyewar ɓarin jiki ko hawan jinin da aka yi shekaru ba a kula da shi ba.

A yankinmu ma an auna. Wani bincike da aka yi a Zariya, aka wallafa a 2011, ya samu larurar a jikin kusan kashi 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba. Wanda aka yi a Bangui da Brazzaville kuwa ya samu kashi 8.1 da kashi 6.7 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 65. Hanyoyin gwajin sun bambanta, amma ko ta wane ɓangare aka duba, cikin kowane tsoho ɗari akwai uku zuwa takwas. Ƙungiyar Alzheimer ta duniya ta yi hasashe a 2017 cewa masu larurar a Afirka kudu da Sahara za su tashi daga miliyan 2.13 a 2015 zuwa miliyan 7.62 a 2050.

Alƙaluman nan suna kuma nuna cewa mafi yawan tsofaffi suna cikawa da hankalinsu. Wanda ya manta inda ya ajiye carbi, tsufa ne. Wadda ta yi shekara talatin tana ba da canji ba tare da kuskuren ko dala ba, ta wayi gari ba ta bambance takardar sefa 500 da ta 5,000, wannan ciwo ne. Haka na Goggo ya fara, shekara biyu kafin ranar da aka tsince ta a titi, mu kuwa muna dariya muna cewa tsufa ya zo.

Gidan da auta yake nufi

Abin da taubashina na Faransa yake gani a can shi ne gidajen da ake kira EHPAD, waɗanda da yawansu ke da sashe na musamman mai ƙofa a rufe saboda masu cutar mantuwa. Kuɗin wata a irinsu yakan kai Yuro 2,000 ko fiye, wato sama da sefa miliyan 1 da dubu 300. Mafi ƙarancin albashi a kamfanonin Kamaru da ba na noma ba sefa 60,000 ne tun 2023. Ke nan kuɗin wata ɗaya a can ya kusa albashin shekara biyu a nan. Tsadar kuma ba ta zama lamuni ba. A Janairun 2022 ɗan jarida Victor Castanet ya fitar da littafin da ya tona yadda ake tsuke abinci da kayan tsafta a gidajen kamfanin Orpea, lamarin da ya girgiza Faransa har gwamnati ta sa aka yi bincike.

Gidajen tsofaffin da ake da su a ƙasashenmu, irin waɗanda ƙungiyoyin addini da na jinƙai ke riƙe da su a Yawunde, ko gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano, an kafa su ne domin waɗanda ba su da kowa. Suna rufa asirin bayin Allah da yawa, amma ba don mai cutar mantuwa da ke da 'ya'ya da jikoki aka tsara su ba.

Abin lura shi ne inda Turawan da kansu suka dosa. A 2009 aka buɗe Hogeweyk a garin Weesp na ƙasar Holan, a 2020 kuma aka buɗe irinsa a Dax da ke kudu maso yammacin Faransa, mai ɗaukar mutum 120. An gina su kamar ƙauye: da kanti, da wurin aski, da fili, da ma'aikatan da ba sa sa farar riga, domin majinyaci ya fita ya zaga ya ga fuskokin da ya saba da su, ya yi ɗan aikin da hannunsa ya sani. An kashe maƙudan kuɗi an ƙera abin da Goggo take da shi kyauta a unguwarta: mai babur da ya san ta, maƙwabciyar da za ta ce «Goggo, ina zuwa da ranar nan? Zo ki sha ruwa», da kiran sallar ladanin da ta san muryarsa.

Wata uku a Yawunde

Mu ba mu gane haka ba sai da muka gwada. Maganar babban ɗa ta rinjaya, aka yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 da ita. Gidansa hawa na biyu ne, shi da matarsa suna fita aiki tun safe, 'ya'yansa sun fi sakewa da Faransanci, mai aikin gidan kuwa ba ta jin Hausa ko kaɗan. Cikin mako biyu Goggo ta daina gane makewayi, ta daina barcin dare, tana ta jijjiga ƙofa. Kafin wata uku ta rame, ta kusan daina magana.

Masu kula da irin waɗannan majinyata sun san cewa sauya wuri na ƙara ruɗewa, domin ƙwaƙwalwar da ba ta iya riƙe sabon abu da tsohon sabo take tafiya. Amma akwai wani abu da ya fi shafar mu, Hausawan da ke zaune a cikin wasu al'ummomi. Ciwon yakan fara cin abin da aka koya daga baya, ya bar na ƙuruciya zuwa ƙarshe, har da harshe. Goggo da Fulatanci ta yi cinikinta na shekara talatin, tana kuma ɗan taɓa Faransancin kasuwa. Yau duk sun zube, saura Hausar da ta sha a nono. Tsohon da ya yi rayuwarsa a Briqueterie ta Yawunde, ko New Bell ta Duwala, ko Njamena, ko Libreville, yana iya wayar gari baƙo a garin da ya shekara hamsin. Don haka kafin a tambayi ko gidan da za a kai shi yana da fanka da firji, a fara tambaya: wa zai kasance tare da shi da rana, kuma da wane harshe zai ce masa ga abinci?

Harshe yana shiga har ɗakin likita. Wasu gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa suna buƙatar mutum ya karanta jimla, ya rubuta, ya faɗi kwanan wata na Turawa. Tsohuwar da ba ta yi boko ba, da watan Musulunci da ranakun kasuwa take lissafi, za ta iya faɗuwa gwajin alhali lafiyarta ƙalau. Saboda haka ne masu binciken da suka yi aiki a Ibadan tun farkon shekarun 1990 suka yi amfani da gwajin da ke haɗawa da tambayar wani na kusa da majinyaci. Duk wanda zai raka tsoho asibiti, ya zama wanda ke kwana da tashi da shi, ba wanda ya fi iya Faransanci kawai ba.

Asibiti, malam da bakin mutane

Cewa kada a ɗauke tsoho daga inda ya saba ba ya nufin kada a kai shi asibiti. Akwai cututtukan da ke kama da gigin tsufa kuma suna warkewa: ciwon sanyin mafitsara, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, ko taruwar jini a ka bayan faɗuwa. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu ta gaggawa ce, a nufi asibitin gundumar Ngong ko na Garwa a ranar. Wadda ta shigo a hankali cikin watanni ita ma tana son a auna jini da suga, a duba ido da kunne. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da na jijiya a Kamaru ƙalilan ne, mafi yawansu kuma a Yawunde da Duwala. Ana iya zuwa a gan su a dawo. Ganin likita daban, ƙaura daban.

Kada kuma a sa rai da yawa a kan ƙwaya. Har yau babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer. Magunguna irin su donepezil da memantine ɗan sauƙi suke kawowa ga wasu, Faransa ma ta daina biyan kuɗinsu daga asusun inshorar lafiya tun Agustan 2018 bisa hujjar cewa amfaninsu bai taka kara ya karya ba. Mafi haɗari shi ne ƙwayoyin sa barci irin su diazepam da ake saya a teburin mai magani domin tsohuwa ta bar mutane su runtsa. Suna ƙara ruɗewa, suna jawo faɗuwa, karayar ƙugu a wannan shekaru kuwa sau da yawa ita ce ajali.

Addu'a ba ta hana magani, babu kuma mai hana 'ya ta nema wa uwarta tofi. Inda gizo ke saƙar shi ne fassarar da ake yi wa alamomin. Masu wannan ciwo sukan fi rikicewa da yamma, gab da magariba, lokacin da mu kuma muka taso da jin cewa iskoki na yawo. Sukan yi zance da matattu, su fita da dare, su zargi na kusa da su da sata. A gidan da ake ƙaunar tsohuwa sai a ce an yi mata sammu, a fara kallon kishiya ko suruka. Inda ba ta da gata kuwa sai a ce ita ce mayyar. A Yulin 2020 an kashe wata tsohuwa mai shekara 90 da duka a Kafaba da ke arewacin Ghana bisa zargin maita, mutane na kallo. A Kamaru, sashe na 251 na kundin hukunta laifuka na 2016 ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 ga wanda aka samu da aikata sihiri. Tsohuwar da ba ta san ranar da take ciki ba tana iya amsa duk laifin da taron jama'a ya ɗora mata. Sannan duk wurin da za a ɗaure ta da mari ko a kulle ta a ɗaki da sunan magani, ko na wane addini ne, ba wurin zuwa ba ne.

Nan malamanmu ke da rawar takawa. Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na rayuwa a Suratun Nahli da Suratul Hajji, malaman fiƙihu kuma sun haɗu a kan cewa hankali sharaɗi ne na wajabcin salla da azumi. Huɗuba ɗaya a kan haka za ta hana a riƙa yi wa tsoho tsawa don ya maimaita azahar sau uku, ko a bar shi da ƙishirwa a zafin da ya haura digiri 40 wai yana azumi.

Wa ke ɗauke da kayan?

Idan mun ce gida ya fi, sai mu faɗi gaskiya a kan wanda muke nufi da gida. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar masu wannan larura mata ne ke yin su. A wurinmu suruka ce, ko 'yar da aurenta ya mutu, ko jika. A ajin da nake koyarwa na sha ganin yarinya mai ƙoƙari ta fara fashi, in bincika in tarar an ajiye ta tsaron kaka. Surukar Goggo ta bar sana'arta ta ɗinki, ta yi shekara biyu ba ta yi barcin kirki ba, sakamakonta kuma shi ne Goggo ta riƙa gaya wa baƙi cewa ita ke sace mata kuɗi, wasu dangi har suna gaskatawa. Mai jinyar da ta gaji ita ce ke kulle ƙofa, ita ce ke sayen ƙwayar barci. Ba mugunta ba ce, ƙarfi ne ya ƙare.

Da aka dawo da Goggo Ngong, sai muka yi zaman da ya kamata mu yi tun farko, muka yi wa gidanmu tambayoyin da Bature ke yi wa gidan tsofaffi kafin ya sa hannu. Wa ke tare da ita da dare, wa zai karɓe shi? Nawa ake kashewa a wata, wa zai biya? Me zai iya cutar da ita a tsakar gida? Aka yanka wa kowane ɗa abin da zai turo ta Orange Money ko MoMo a farkon wata, ba sai an roƙa ba. Aka ware wa surukar haƙƙinta a ciki, aka ɗauki wata dattijuwa mai jin Hausa tana karɓarta kwana biyu a mako. Aka rufe rijiya, aka kwashe maganin feshin auduga daga inda hannu ke kaiwa, aka sa sakata a saman ƙofar da ke kallon titi, aka bar ta baya wadda ke fita gidan maƙwabta. Aka ɗinka lambar waya a gefen mayafinta, aka sanar da jauro da masu baburan tasha. Aka rubuta awakinta da gonarta da 'yan kunnenta a gaban shaidu biyu, domin a kashe bakin zargi. Abu ɗaya ne ya wuce mu: da mun yi zaman nan shekara biyu baya, da ita da bakinta za ta faɗi inda take so ta zauna da wanda ta amince ya riƙe mata dukiya.

Wannan tsari yana da iyaka. Ciwon gaba yake yi, ranar na zuwa da za ta kwanta sai an juya ta, sai an ba ta abinci a baki. Akwai kuma gidajen da babu ɗa a Faransa, babu mai turo ko sisi, da tsofaffin da rikici ya raba da garuruwansu.

Abin da ya rage wa hukuma da unguwa

Kashin farko na shirin inshorar lafiya ga kowa da Kamaru ta ƙaddamar a Afrilun 2023 ya fi mayar da hankali ga mata masu ciki, yara ƙanana, masu cutar ƙanjamau da tarin fuka, da masu wankin ƙoda. Tsohon da ƙwaƙwalwarsa ke zubewa ba ya ciki. Alhali yarjejeniyar Tarayyar Afirka kan haƙƙin tsofaffi, wadda aka amince da ita a 2016, ta nemi gwamnatoci su tallafa wa iyalan da ke jinyar tsofaffi a gida, su kuma kawar da zargin maita.

Ba ginin Dax muke nema a Ngong ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin mhGAP na koya wa ma'aikatan jinya da ba ƙwararru ba yadda za su gane irin wannan ciwo su kuma ba iyali shawara. Ma'aikaci ɗaya ko biyu a kowane asibitin gunduma zai rage tafiya Yawunde. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin 100 na larurar yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya magancewa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji da na gani. Awon jini a ranar kasuwa da aikin yanar ido suna cikin rigakafi mafi araha. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin matanmu masu adashi kuwa za su iya abin da bai kai gina gida ba: zaure ɗaya a unguwa, inda tsofaffi uku ko huɗu za su wuni tare da mai kula da su, masu jinya su samu su je kasuwa, 'yan mata su koma aji.

Goggo tana nan a Ngong. Da hantsi ana shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki, a ajiye mata tiren wake tana tsincewa, aikin da hannunta bai manta ba. Har yanzu wasu ranaku da yamma takan ɗaura ƙulli ta ce za ta gida. Surukarta ta daina yi mata gardama, sai ta ce «To Inna, bari rana ta yi sanyi in raka ki», su zaga bayan gida su dawo. Idan na shiga gaishe ta, da sunan mahaifina take kirana, ta tambaye ni ko na dawo daga makarantar allo. Ina amsawa.